Tambayoyi da amsoshi kan haɗa filin daga na almarar kimiyya da tarkacen gida

Waɗannan su ne tambayoyin da mutane suka fi yi idan sun ga teburin wasan yaƙi cike da 'yan ƙananan kangaye da tankunan mai da bututai, aka ce masu ai duk da kwali da gwangwani aka yi su. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma dole sai an zauna an yi bayani, musamman maganar girma da maganar fenti, dan nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace.

Wai shi wasan yaƙin kan tebur ɗin menene, kuma me ya haɗa shi da gine-gine?

Mutum biyu ne ke tsayawa a gefen tebur, kowa da rundunarsa ta 'yan ƙananan sojoji na roba ko na ƙarfe da ya haɗa ya yi wa fenti da hannunsa, ana auna tafiyar kowane soja da tef, ana jefa dayis irin na ludo dan a san ko harbi ya samu ko ya kuskure. Abin ya daɗe. Tun 1824 sojojin Farusiya, a ƙasar Jamus ta yanzu, suke koya wa hafsoshinsu dabarun yaƙi a kan taswira da irin wannan wasa, sannan a 1913 marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin dokoki mai suna Little Wars, shi da abokansa a ƙasan ɗaki suke yi, manyan littattafai su ne tuddai, tubalan katako na yara su ne gidaje. A ɓangaren almarar kimiyya, wato ƙirƙirarren labarin zamani mai zuwa ko na wata duniya, wanda ya fi suna yau shi ne Warhammer 40,000 na kamfanin Games Workshop da ke birnin Nottingham, ya fara fitowa a 1987. Akwai kuma BattleTech da ya fito a Amurka a 1984, akwai Infinity na kamfanin Corvus Belli a Sifaniya, da wasu da yawa.

To a irin waɗannan wasanni kusan kowane soja bindiga gare shi mai dogon zango. In tebur ya zama fili fetal babu komai, wanda ya fara harbi shi ya ci, an gama tun ba a je ko'ina ba. Gini da katanga da tarin kwantena su ke sa mutum ya tsaya ya yi tunani, in bi ta nan ko in zagaya, in hau sama in ga kowa amma kowa ma ya gan ni, ko in laɓe in jira. Shi ya sa nake cewa kayan fili runduna ta uku ce a kan tebur, ba ado ba ne kawai.

Ba ana sayar da su ba? Me zai sa in wahalar da kaina?

Ana sayarwa, na roba da na katako yankan na'ura, kuma wasu suna da kyau sosai. Amma da fam da dala da yuro ake sayensu, ga kuɗin kawowa, ga shi tebur ɗaya yana cin kaya da yawa. Kuma ka sani haɗa na gida ba wai hanyar marasa kuɗi ba ce, asalin abin kenan. Rick Priestley, wanda ya rubuta Warhammer 40,000 na farko, ya taɓa haɗa motar yaƙi mai shawagi da robar turaren hammata da cokalin roba, aka buga hotonta a mujallar kamfanin, White Dwarf, har yau tsofaffin 'yan wasa suna maganarta. Duk wanda ya taɓa yanka gwangwanin madara da tsohon silifas ya yi mota yana yaro, wallahi ya riga ya san rabin wannan sana'ar, saura kawai ya koyi awo da fenti.

Da wane kayan aiki zan fara?

Wuƙar kata mai sabon baki, rula ta ƙarfe, fensir, almakashi, samfefa, farin gam na kafintoci irin su Top Bond, sufa gulu, bindigar gam mai kyandir in kana da ita, da buroshi manya biyu masu arha. Shi kenan. Abin da zan roƙe ka kawai shi ne ka riƙa canja bakin wuƙa da wuri, dakusasshiyar wuƙa ita ke yaga kwali tana tsinka soso, kuma ita ce ke zamewa ta sami yatsa saboda sai ka danna da ƙarfi. Yanka uku a hankali ya fi yanka ɗaya da ƙarfi.

Wane girma zan yi ginin? Ina tsoron ya fito ƙato ko ya fito ƙarami.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, kuma amsarta ba a rula take ba, a jikin soja take. Ka ajiye soja ɗaya a gefenka duk lokacin da kake aiki, kowane yanka za ka yi ka tsayar da shi a jiki ka gani. In ba ka da soja, yanka ɗan kwali mai tsayin milimita 32 ka manna shi a kan murfin kwalba, ya ishe ka.

Yawancin wasannin nan sojojinsu na milimita 28 zuwa 32 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin 56 na girman mutum. Da wannan lissafin za ka iya rage komai. Kwantena mai ƙafa 20 da muke gani a bayan tirela, tsawonta ya ɗan haura mita 6, faɗinta kusan mita 2.4, tsayinta kusan 2.6, in ka raba da 56 za ta fito kamar milimita 108 da 44 da 46. Duron mai na lita 200 zai fito kamar milimita 16 a tsaye, 10 a faɗi, ka ga murfin wani biro ko guntun bututu ya yi kenan. Amma fa kar ka bi lissafi ido rufe, saboda sojan ba a ƙasa yake tsaye ba, a kan ɗan faifai yake, mai faɗin milimita 25 ko 32 ko 40, kuma faifan na ƙara masa tsayi. Dan haka ƙofa a yi ta milimita 40 zuwa 50 a tsaye, faɗinta ya wuce faifan soja. Gajeriyar katanga ta laɓewa kamar inci ɗaya, ta rufe shi zuwa ƙirji kansa na waje. Tsakanin bene da bene kar ya gaza inci 3, in ma da hali a ƙara, dan ba soja kaɗai zai shiga ba, yatsunka ma za su shiga su ɗauko shi. Gada ko hanyar sama kuma faɗinta ya kai milimita 40 aƙalla, in ba haka ba za ka ga soja rabin faifansa na lilo a iska, da an taɓa tebur ya faɗo takobinsa ya karye.

In kuma BattleTech kake yi, sojojinsa ƙanana ne sosai, kamar milimita 6, a can murfin man goge baki ma hasumiya ce.

Wane irin tarkace zan riƙa tarawa?

Abin da ke da siffa mai ban sha'awa idan ka manta da aikinsa. Gwangwanin madarar gari da na tumatur suna zama tankunan mai ko rumbun sinadari. Kwalin tsakiyar tishu da guntayen bututun wayarin suna zama bututun hayaƙin masana'anta. Tsinken shan lemo mai lanƙwasa ya riga ya zo da gwiwarsa, bututu ne shiryayye. Ragar taga ta sauro tana zama shingen waya ko daɓen ƙarfe. Igiyar roba mai haƙora da masu wayarin ke ɗaure waya da ita, in ka zagaya ta jikin gwangwani sai ta zama ɗamarar ƙarfe. Murafan kwalabe, robar allurar da ba a yi amfani da ita ba an cire tsinin, tsinken tsire, tsinken sakace, maɓallan tsohon kibod, fankar cikin kwamfuta, cikin tsohon rimot da rediyo, farin soson da ke zuwa cikin kwalin talabijin ko firji, wanda sau da yawa in ka kifa shi za ka ga ya riga ya zama ginin soja da ɗakunansa da lungunansa.

Kwali kuma kala biyu za ka nema, mai kauri na katan dan gangar jikin gini, da siriri irin na kwalin shayi ko na magani dan faranti da ƙyauren ƙofa. In ka jiƙa fuska ɗaya ta kwalin katan ka ɓare ta a hankali, abin da zai bayyana a ciki kwanon rufi ne sak. Masu gyaran rediyo da waya da kwamfuta suna da kwandon abin da ya mutu, ka je da ladabi ka tambaya, galibi za a bar maka ko a karɓi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Shawara ɗaya, ka ware kwali ɗaya na tarkace, in ya cika ka daina tarawa sai ka yi gini. Mutane da yawa suna tsayawa a tarawa.

Na manna komai amma har yanzu gwangwani nake gani, ba tanki ba. Me ya rage?

Abin da ya rage shi ne alamar mutum. Ido ba ya sanin girman abu sai ya ga wani abin da ya san girmansa a jikinsa. Gwangwani tsirara gwangwani ne, amma ka yanka siririn kwali ka yi masa ƙofa daidai tsayin soja, ka haɗa tsani da tsinken sakace ko waya, matakalarsa kamar milimita 5 ko 6 tsakani, ka jingina ya hau har sama, ka zagaya saman da ɗan shingen riƙewa, nan take ƙwaƙwalwa za ta ce wannan abin mutane na hawa kansa, ashe ƙato ne. Ƙofa, tsani, shinge, ƙaramin akwatin wuta a gefen ƙofa. Waɗannan su ke aikin, ba yawan tarkacen da ka lafta ba.

Na biyu, ka ɓata siffar da kowa ya sani. Bakin gwangwani mai nannaɗe, zaren murɗa murfi a wuyan kwalba, rubutun kamfani da ya kumbura a jikin roba, su ne ke tona asiri. Rufe su da ɗamarar kwali ko ka goge da samfefa. Kwalba kuma ka yanke ta biyu ko ka kwantar da ita, ka binne rabinta a ƙasa.

Na uku, duk abin da ka manna ka tambayi kanka aikin me yake yi. Bututu ya fito daga wani wuri ya shiga wani wuri, ko ya nutse cikin ƙasa, kar ya tsaya a iska haka kawai. Fanka ta zauna inda iska za ta fita. Waya ta tashi daga akwati ta je ga fitila. Masu haɗa jiragen fim ɗin Star Wars na 1977 da gutsattsarin kayan wasan tankoki da jirage da motoci suka cika jikin jiragensu, kuma in ka lura ba ko'ina suka zuba ba, a lungu da tsagi da wajen inji suka tara su, suka bar sauran jikin a shafe. Kai ma ka yi haka, ka cusa ƙananan abubuwa wuri ɗaya ko biyu, ka bar bango ya huta. Kan ƙusa kuma, ɗigon farin gam da bakin tsinke a jere gefen faranti ya isa, in ya bushe aka yi fenti sai ka rantse ƙarfe ne.

Wane gam ne na wane abu?

Farin gam na kwali ne da katako da yashi da soso, yana da ƙarfi amma sai ka yi haƙuri ya kwana. Gam ɗin kyandir na saurin tsayar da gangar jiki ne, sai dai yana barin zare da ƙullutu, kuma in ya yi zafi sosai yana huda soso. Sufa gulu na ƙananan abubuwa ne, roba da ƙarfe, in ka barbaɗa masa ɗan bekin soda, garin nan da ake sa wa kek, yana daskarewa nan take ya cike rami. Sufa gulu da gam mai wari irin na masu gyaran takalmi duk suna cinye farin soso, kar ka kusantar da su.

Akwai robar da kusan babu gam ɗin da ke kama ta da kyau. Juya ƙasan robar ka duba 'yar lambar da ke cikin alamar kibiyoyi uku. In ka ga 2 ko 4 ko 5, irin murafan kwalba da robar abinci, to tana da santsi, sai ka kankare ta da samfefa sosai kafin gam ko fenti, in abu ne mai nauyi ma ka huda ka soka waya ta riƙe. Mai lamba 6 ita ce mai sauƙin kai. Gwangwani ma a wanke, a cire takarda, a goge shi ya dushe.

Na fesa wa ginin soso fenti sai ya narke a gabana. Me ya faru?

Sinadarin da ke cikin fentin feshi ne ke narkar da shi, ba laifin hannunka ba ne. Kafin feshi sai ka rufe soson ruf. Dama farin gam da baƙin fentin ruwa da ɗan ruwa kaɗan, ka shafe ko'ina har lungu, ya bushe ka ƙara shafa ta biyu. Amfanin baƙin shi ne duk inda ka tsallake za ka ga fari na leƙowa. Ko kuma ka haƙura da feshin gaba ɗaya ka yi da buroshi. Shi farin soson mai ƙwaya-ƙwaya yana da wata matsalar, ƙwayoyin suna nunawa ko an yi fenti, maganinsu a shafe shi da siririn filar bango ko farin gam da aka dama da yashi mai laushi, sai ya koma kamar kankare. Akwai wani soson mai suna XPS, shuɗi ko ruwan hoda, da ake sa wa gine-gine a ƙasashen sanyi, ba shi da ƙwaya, yana yankuwa sumul har ka zana bulo a jikinsa da biro. In ka samu ka riƙe shi da kyau, in ba ka samu ba kwali zai yi maka kusan komai.

Gindin ginin ya bushe ya lanƙwashe, gefensa ya ɗaga sama.

Farin gam yana tsukewa in yana bushewa, in fuska ɗaya ka shafa sai ya ja ta. Shafa wa ɗaya fuskar ma, ka ɗora littattafai a kai ya kwana. In kwali za ka yi gindi da shi, manna biyu ka gicciya layinsu. Falle na katako mai milimita 3 ko tsohon faifan CD sun fi kwali zama. Ka kuma fereye gefen ya kwanta, dan kar ginin ya zama kamar an ɗora shi a kan tire. Gine-gine masu kusurwa huɗu da kwantena ma ba sa buƙatar gindi sam.

To fenti fa? Ni ban iya zane ba.

Ba zane ba ne, matakai ne, kuma in ka bi su ko ba ka taɓa riƙe buroshi ba zai fito. Kar ka taɓa ƙananan kwalaben fentin sojoji masu tsada, fentin akirilik mai arha ko ragowar fentin ruwa na bango ya wadatar.

Fara da shafe komai da launi ɗaya mai duhu, baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu. Wannan matakin ni shi na fi so a duk aikin, dan kafin shi abin da ke gabanka jan murfi ne da koren tsinke da kwalin shayi da sunan kamfani, kana gama shafawa sai duk su ɓace, ka ga gini ɗaya tsaye da ƙofarsa. Duk wanda ya karaya da aikinsa ina ce masa kar ka yanke hukunci sai ka yi baƙin nan.

Daga nan sai launin jiki, toka ko ruwan ƙasa ko kore irin na soja, ka shafa da babban buroshi amma kar ka cusa shi cikin lunguna, bar duhun a can. Sai ruwan dauɗa: ɗan baƙi da ruwan ƙasa, ruwa kamar ninki goma, ɗigon sabulun wanke-wanke ɗaya dan ya gangara cikin tsagi, ka kwarara a ko'ina ka bar shi ya bushe da kansa. Zai yi muni yana jiƙe, kar ka damu. Na ƙarshe shi ne busasshen buroshi. Ɗebo launi mai haske, ka goge buroshin a jikin kwali har sai ka ga kamar babu sauran komai, sannan ka riƙa shafa shi sama-sama a kan gefuna daga sama zuwa ƙasa. A nan ne kan ƙusoshin nan na ɗigon gam da layin kwanon rufi da haƙoran igiyar roba za su taso ɗaya bayan ɗaya. In ka ga layin fenti a jiki to buroshin bai bushe ba, ƙara gogewa.

Launuka biyu ko uku za ka zaɓa wa tebur gaba ɗaya, sannan launi ɗaya mai ƙarfi kamar ruwan ɗorawa ko ja a ƙofofi da shinge. Kuma fili ya ɗan fi sojoji dushewa, dan su ne ya kamata ido ya fara kamawa.

Ya ake yin tsatsa da alamar tsufa?

Yagi ɗan soson wanke-wanke, ka taɓa ruwan ƙasa mai duhu, ka rage a kwali, ka dangwala a gefuna da kusurwa da wajen da hannu ko ƙafa ke yawan taɓawa. A cikin manyan tabon ka ɗiga fenti mai launin ruwan lemo kaɗan. Sai ka tsinka ruwan lemon da ruwa ka ja siririn layi daga ƙarƙashin ƙusa ko bakin bututu zuwa ƙasa, yadda ruwan sama zai bi. Kafin ka fara ka je ka tsaya gaban tsohon tankin ruwa ko akwatin taransifoma ko bayan tsohuwar tifa ka kalla da kyau. Za ka ga tsatsa ba ta bazuwa daidai, tana da wuraren da take so, gindi da haɗin walda da inda ruwa ke kwanciya. Bakin fensir kuma in ka goga a gefen ƙarfe yana ba shi ƙyallin wurin da ya sha taɓawa.

Yashi fa, kowanne zan iya zubawa a gindi?

Tankaɗe shi da rariya tukuna, ya bushe sarai. Ka tuna ƙwaya mai milimita 1 a wajen soja dutse ne da ya kai santimita 5, dan haka mai laushin shi ne ƙasa, mai tsakuwar a ɗan watsa a gindin bango. Shafa gam, barbaɗa, kakkaɓe, in ya bushe ka bi da tsinkakken gam a sama ya kulle shi. Kuma a yi masa fenti, yashin da ba a fenta ba bai cika zama da sauran aikin ba.

Guda nawa tebur ke buƙata, kuma ya ake jera su?

Ya danganta da wasan. Warhammer 40,000 an daɗe ana yin sa a tebur mai ƙafa 6 da 4, daga bugun dokokinsa na 2020 aka koma inci 60 da 44 a matsakaicin yaƙi. Kill Team, wani ƙaramin wasa na kamfanin Games Workshop, ƙaramin fili ne, inci 30 da 22. Infinity ƙafa 4 da 4 ne amma yana son cunkoso fiye da kowa, saboda a cikinsa ana iya harbinka ko a lokacin da kai ke tafiya. Tsohuwar dabarar 'yan wasa ita ce ka tattara duk kayanka a kusurwa ɗaya, in sun cika kashi ɗaya cikin huɗu na tebur to ka kai mafi ƙaranci.

Wajen jerawa, manyan da ke tare gani su zauna a tsakiya, ba a gefe ba. Mutane suna son tura gine-gine bakin tebur su bar tsakiya wayam, wannan filin kisa ne kawai. In ka gama ka sunkuya ka sa idonka daidai kan soja ka leƙa daga wannan gefe zuwa wancan, in kana hango ƙarshen tebur ta hanyoyi da yawa to ka toshe wasu. Kar kuma ka ba gefe ɗaya doguwar hasumiya ɗayan ka bar shi da gajerun katangu. Hanya mai kyau ita ce mutum ɗaya ya jera, ɗayan ya zaɓi gefen da yake so.

Dan haka in za ka fara, kar ka fara da ƙaton gini guda. Yi kwantena huɗu zuwa shida, kangaye masu siffar kusurwa guda huɗu, tankuna biyu, gajerun katangu da yawa. Waɗannan kullum za ka iya sauya masu zama, a ɗora wannan kan wancan, fili ya zama sabo.

Ina son wata duniya daban, ba masana'anta ba.

Nan ma tarkace ya fi na saye. Busassun 'ya'yan itatuwa masu siffa, kwasfa, saiwar da ta bushe in ka kifa ta, furannin roba da aka yayyanka, duk suna zama tsirran wata duniya in aka ba su launin da ido bai saba gani a jikin shuka ba. Ɓawon itace mai kauri in aka jera shi hawa-hawa dutse ne. Abin da ka ɗebo daga waje ka shanya shi a rana sosai ka shafe da gam kafin ya shiga ɗaki, saboda ƙwari. Sai dai ko a nan ka bar wuraren da faifan soja zai zauna daram, tudu a yi shi mataki-mataki, ba gangare ba.

Ya zan adana su kar su lalace?

Zafi yana sassauta gam ɗin kyandir, dan haka kar a bar su cikin mota ko ƙarƙashin kwano kai tsaye, kuma duk haɗin da ke ɗauke da nauyi a ƙara masa farin gam. Laimar damina tana sa kwali ya yi laushi, gara da kyankyasai kuma suna son kwali da gam. Babbar roba mai murfi, a ɗaga ta daga ƙasa, ta magance duk wannan har da ƙurar hunturu. Tun wajen gini ka yi tunanin ajiya, ƙananan su shige cikin manyan, eriya da dogayen bututu a yi su na cirewa.

Akwai haɗari a ciki?

Akwai, kuma ba na so a raina shi. Feshi da yankan soso da zazzafar waya a waje ake yi, hayaƙin ba na shaƙa ba ne, kar kuma a ƙona soso da wuta. Goge katako da samfefa a sa takunkumi. Kar ka buɗe tsohuwar talabijin mai ƙaton baya ko na'urar ɗumama abinci, suna iya riƙe wuta ko an cire su daga soket. Batirin waya kar a huda shi, yana kamawa da wuta. Allunan cikin tsofaffin na'urori akwai dalma a jikinsu, a wanke hannu kafin cin abinci. Sufa gulu in ya zuba a auduga ko tufafin auduga yana yin zafi har ya ƙona fata. Bakin gwangwanin da aka yanka a rufe shi da kwali. In da yara a wajen, su a ba su gam da fenti, wuƙa ta zauna a hannun babba.

Ba ni da sojojin ma tukuna. In jira sai na samu?

A'a, fara ginin. Akwai dokoki na kyauta a intanet kamar Grimdark Future na One Page Rules, wanda bai damu da wane kamfani ya yi sojanka ba, ko sojan takarda ka buga ka manna a murfin kwalba za a yi wasa. Wasan Stargrave da ya fito a 2021 soja goma kacal kowane ɗan wasa ke buƙata. Gaslands kuma, na 2017, da ƙananan motocin wasan yara irin su Hot Wheels ake yin sa, ka manna masu raga da bindigogin tsinke ka yi masu tsatsa, kuma da yake waɗannan motocin sun ɗan fi sojan milimita 28 ƙanƙanta, kusan kashi ɗaya cikin 64, sai ka rage ƙofofinka zuwa kamar milimita 32 zuwa 35. Tankuna da kwantena da tarin tayoyi kuwa za su yi maka aiki a duka wasannin ba tare da ka canja komai ba.